Wane kit ɗin jitar bes ya dace da mai haɗin farko a Gombe?

Wani matashi daga Tumfure a Gombe, wanda yake kaɗa jitar bes ta aro a ƙungiyar mawaƙan da ke kiɗa a majami'a da wuraren biki, ya aiko da tambaya cewa yana so ya mallaki tasa, kuma ya fi sha'awar ya sayi kit, wato kwalin da ke zuwa da gangar jiki da wuya da ƙarafa da wayoyi a warwatse domin mutum ya haɗa da hannunsa. Ya ce idonsa ya tsaya a kan guda biyu. Ɗaya mai tsirkiya biyar ne, fuskarsa katako mai zane, yana aiki da batir, kuma da gam ake manna wuyansa. Ɗayan mai tsirkiya huɗu ne irin samfurin Precision na Fender, kamfanin jita na Amurka, ba shi da wani ado. Bai taɓa aikin katako ba in ban da ƙananan gyare-gyare a gida, yana so ya san wanne zai ɗauka da kuma abin da zai duba kafin ya biya kuɗi.

Ƙanena, ka ɗauki na biyun, muddin ya cika waɗannan sharuɗɗa: wuyan da ake ɗaurewa da sukuru, tsawon tsirkiya inci 34, wayoyin da ba sa buƙatar batir, kuma ramukan jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gangar jiki, an riga an huda su daga masana'anta. Dalilina shi ne, kayan da ke cikin kwalin kit kashi biyu ne. Akwai waɗanda za ka iya sauyawa gobe ko baɗi idan hali ya samu, irin su fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar muryar tsirkiya ya aika wa amfilifaya, da kunnuwan ɗaure tsirkiya da jaki da tsirkiyoyin kansu. Akwai kuma wuya da gurbin da yake zama a cikinsa, waɗanda idan suka zo da aibu, mai haɗin farko ba shi da dabarar gyara su. Masu talla fuskar jita suke haskawa a hoto, kai kuwa wuyan za ka saya, sauran kayan su biyo shi.

A wuya ne yanayin ƙasarmu ke gwada jita. Tsirkiyoyin bes huɗu masu kaurin da aka saba, wato 45 zuwa 105, idan aka ɗaure su suka kai muryarsu, suna jan wuya da ƙarfin da ya haura kilo 70, dare da rana, ko ana kaɗawa ko an jingine jitar a lungu. Abin da ke hana katakon ranƙwafawa shi ne wani rodin ƙarfe da aka binne a cikinsa, wanda ake matsewa ko sassautawa da alanki. Masu ƙera jita suna busar da katako ne da nufin ya zauna a inda laimar iska take wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, alhali mu a Gombe da Bauchi laimar takan faɗi ƙasa da kashi 20 da tsakar rana a lokacin hunturu, sannan ta haura kashi 70 a watan Agusta. Ka san yadda ƙofar katako ke cijewa da damina, da hunturu kuma ta saki har haske ya riƙa shigowa ta gefenta. Haka wuyan jita ke motsi, sai dai a wuya rabin milimita ya isa ya sa tsirkiya ta kwanta a kan ƙarafa tana ziza, ko ta yi sama har yatsa ya gaji da dannawa.

Saboda haka akwai tambayoyi biyu da za ka yi wa mai sayarwa a rubuce. Ta farko, rodin cikin wuyan mai aiki ta fuska biyu ne ko ta fuska ɗaya? Mai fuska ɗaya yana iya miƙar da wuyan da ya ranƙwafa, amma idan wuyan ya gantsare baya ba abin da zai iya yi, mai fuska biyu kuwa yana tura shi ko ta ina. Ta biyu, a ina ake juya rodin, a wajen kai ko a gindin wuya? Tsohon samfurin Fender a gindi yake, wanda sau da yawa sai an kwance wuya kafin a kai gare shi. Mutumin da ke zaune inda yanayi ba ya sauyawa sosai ba zai damu ba, amma kai da za ka taɓa rodin nan aƙalla sau biyu a shekara, ka nemi wanda ake juyawa a wajen kai. Katakon wuya kuwa ya zama mapul, wanda shi ne aka fi amfani da shi saboda taurinsa, kuma idan ka ga wanda aka gasa har ya yi launin zuma a farashin da za ka iya, ya fi jure sauyin laima. Aibu ɗaya ne rodi ba ya magani, shi ne wuyan da ya murɗe, gefe ɗaya ya ɗaga ɗaya ya sauka, don haka shi za ka fara dubawa ranar da kwali ya iso.

Batun manna wuya da gam shi kaɗai ya isa ya fitar da kit na farko daga lissafinka. Tun da Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951 yake ɗaure wuya da sukuru huɗu da farantin ƙarfe, domin a iya kwancewa a gyara ko a sauya. Ga mai koyo wannan rahama ce. Idan ka haɗa ka ga tsirkiyoyi sun yi sama ko da ka sauke jaki har ƙasa, sai ka kwance, ka sa ɗan siririn kwali ko ɓawon katako a ƙasan gurbin, ka mayar, kusurwar ta gyaru. Idan ka ga tsirkiya ɗaya ta matso bakin wuya, sai ka sassauta sukurun, ka ɗan ja wuyan gefe, ka matse. Wuyan gam kuwa dama ɗaya yake bayarwa, kuma da zarar gam ɗin ya bushe a karkace, raba su sai da tururi da gwanin da ba ko'ina ake samunsa ba.

Tsawon tsirkiya, wato nisan da ke tsakanin nat, ɗan farin abin da tsirkiyoyi ke ratsa tsagoginsa a bakin wuya, da inda suke hawa jaki, shi ne ƙashin bayan muryar jita. Inci 34 daidai yake da milimita 864, kuma firet na 12, wato ƙarfe na goma sha biyu cikin waɗanda aka jera a wuya, dole ya faɗa a tsakiya cif, a milimita 432. Wasu masana'antu suna barin wurin jaki ba huji domin mai saye ya zaɓi nasa, abin da ya dace da gwani, amma kai idan ka kuskure da milimita biyar ko shida, sukurun daidaita murya ba za su kai ba, muryar jitar za ta riƙa zama daidai idan ba a danne tsirkiya ba, ta ɓata da zarar ka hau saman wuya. Akwai kuma gajerun jitoci masu inci 30, masu daɗin riƙo ga mai ƙananan hannaye, sai dai tsirkiyarsu ba kasafai ake samunta a shagunan kusa ba, kuma ranar da ɗaya ta tsinke ana gobe biki za ka gane amfanin abin da kowa ke da shi.

Tsakanin samfurin Precision da na Jazz, wanda Fender ya fitar a 1960, mutane sukan yi gardama a kan daɗin murya, ni kuwa wutar lantarkinmu nake kallo. Fikof ɗin Precision, tun daga 1957, an raba shi gida biyu da aka naɗe wayarsu saɓanin juna, ta yadda ƙugin da ɗaya ya kwaso daga wutar gida ɗayan ke kashe shi. Jazz tana da fikof biyu masu naɗi ɗaya-ɗaya, waɗanda ba sa yin shiru sai an buɗe su duka biyun daidai wa daida, da zarar ka rage ɗaya don neman wata murya sai ƙugin ya dawo. Yanzu ka tuna irin wuraren da kake kiɗa: janareto a bayan taga, soket ɗin da ba a haɗa masa wayar ƙasa ba, fitilu da cazar waya duk a layi ɗaya da amfilifaya. A irin wannan wuri fikof mai kashe ƙugi ya fi kowane ado amfani. Ga shi kuma haɗin wayoyinsa ba shi da yawa, fikof ɗaya, makunni biyu masu 250k na ƙara da na murya, kafasita ɗaya mai 0.047, da ramin kebul. Abin da Jazz ta fi shi da shi shi ne sirancin wuya, domin faɗinsa a wajen nat milimita 38 ne, na Precision kuwa daga 41 zuwa 44. Idan wanda ka saba da shi siriri ne, ka duba wannan lambar a cikin bayanin kit ɗin kafin ka yanke shawara. Kada kuma ka ɗauka wuyan wani kamfani zai shiga gurbin wani don kawai sun yi kama a hoto, domin masu yin kit ba duka suke bin awon Fender ba.

Na batir ba zan daɗe a kansa ba. Yana buƙatar batir mai bolt 9, wanda ke ci gaba da zuƙewa muddin kebul na soke, kuma idan ya mutu a tsakiyar waƙa yawancinsu murya take dusashewa ko ta ɗauke. Na'urar da ake sawa a kit mai araha kan zo da nata shuu. Idan daga baya ka ga kana buƙata, ana iya ƙara ta.

Tsirkiya ta biyar ita ce inda na san ranka yake, kuma ban ga laifinka ba, domin mawaƙan majami'a na yanzu suna son muryar nan ta ƙasa, musamman idan mai kibod ya sauke waƙa zuwa inda tsirkiyar E, mafi kauri a bes mai huɗu, ba ta kaiwa. Amma ka yi la'akari da abin da take nema. E tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, B ta ƙasa kuwa, wato tsirkiya ta biyar ɗin, wajen sau 31, kuma kafin irin wannan murya ta fito tsaf sai wuya mai tauri, da firet da aka daidaita sosai, da sifika mai girman da zai iya ɗaukarta, shi ya sa kamfanoni da yawa ke ƙara tsawon masu tsirkiya biyar zuwa inci 35. A kan wuya mai araha B takan zama sako-sako, tana lilo tana dukan ƙarafa, ga ƙarin nauyin ja a kan katakon da yanayi ke wahalarwa. Akwai wata hanya da ba kowa ke tunawa da ita ba. Idan ka gama mai huɗun ka ga lallai sai da B, ka sayi saitin tsirkiya biyar, ka ɗaura masu kauri huɗun a matsayin B, E, A, D, ka faɗaɗa tsagogin nat kaɗan, ka sake daidaita wuya. Ka rasa G ta sama, wadda mai riƙe gindin waƙa ba ya yawan zuwa wajenta.

Game da katakon gangar jiki, za ka ga sunaye irin su baswud da foplar da alda da ash da mahogani, wanda dangin maɗacinmu ne, da kuma paulowniya. A ganina tasirinsa a muryar jitar lantarki bai kai na fikof da tsirkiya da hannun makaɗi ba, don haka kada ka biya ƙari saboda alkawarin murya. Abin dubawa shi ne ko yana riƙe sukuru, da nauyinsa, da yadda yake karɓar fenti. Paulowniya ba ta da nauyi ko kaɗan, amma tana da laushin da farce ke iya yi mata tabo, sukurun madauri da na jaki sukan yi lako-lako a cikinta, kuma jikin da ya cika rashin nauyi yakan bar kan jita ya riƙa sunkuyawa ƙasa, hannun hagu ya koma aikin tallafe maimakon kiɗa. Bes da aka gama haɗawa takan kai kilo 4 zuwa 4 da rabi, kuma wannan nauyin da dalilinsa. Ash da mahogani suna da ƙananan ƙofofi da sai an cike su kafin fenti ya kwanta sumul, baswud da foplar da alda ba sa buƙatar wannan wahalar. Ita kuwa fuska mai zanen da ta ja hankalinka, a kit mai araha ɓawo ne da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, wanda samfefa ke hudawa cikin ƙiftawar ido a gefe-gefe, kuma duk inda gam ya ɓullo ta cikinsa launi ba ya kamawa.

Allon da firet ke zaune a kai a da roswud ne kusan ko'ina, amma tun da yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa a kan cinikin dabbobi da itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu, ta tsaurara cinikinsa a 2017, shekarar da madobiyarmu da aka yi ta sarewa a Taraba ana kaiwa Sin ita ma ta shiga jerin, masana'antu suka koma ga wasu itatuwa, kuma ko da aka sassauta wa kayan kiɗa a 2019 da yawa ba su dawo ba. Wannan ba abin damuwa ba ne. Abin damuwa shi ne aikin firet ɗin kansu, domin a nan ne masana'anta ke rage kuɗi. Ka ɗauki katin ATM, ka ɗora gefensa a kan firet uku a jere, ka ɗan danna kowane ɓangare. Idan ya yi ɗan ƙas-ƙas yana lilo, na tsakiyar ya fi 'yan'uwansa tsawo. Ka bi wuyan duka haka, a layin kowace tsirkiya, kana yi wa masu tsawon alama da alƙalamin maka. Sau da yawa ba tsawo ne ya yi musu yawa ba, zama ne ba su yi sosai ba, kuma bugu ɗaya a hankali da guduma mai kan roba yakan zaunar da su. Da hunturun farko kuma za ka ji bakunan firet sun fito suna yagar hannu, saboda katako ya tsuke ƙarfe bai tsuke ba. Ka rufe katakon da tef, ka goge bakunan da ƙaramin magagari a tsakiyar hunturu, lokacin da suka fi fitowa, yawanci ba sai ka sake ba.

Nat ɗin da ke zuwa da kit roba ce, kuma kusan kullum tsagoginta ba su yi zurfin da ya kamata ba. Gwajinta shi ne ka danne tsirkiya a bayan firet na uku, ka leƙa tazarar da ke tsakaninta da firet na farko, wadda bai kamata ta wuce kaurin takarda ba. Idan kana son wadda ta fi ta, ba sai ka yi oda daga waje ba. Ka je wurin mahauta ka nemi ƙashin ƙwaurin sa, ka cire ɓargo, ka dafa shi sosai da ɗan omo har maiƙon ya fita, ka shanya a inuwa na makonni, sannan ka yanka da ƙaramin zarto ka goge. Maiƙon ne abin kiyayewa, domin idan ya rage yakan tsattsafo daga baya ya hana gam kamawa. Ka ajiye ta robar a matsayin abin kwaikwayo har sai ta ƙashin ta zauna.

Sunayen da za ka ci karo da su sun haɗa da Harley Benton na kamfanin Thomann a Jamus, da Solo a Kanada, da Pit Bull a Ostireliya, da StewMac da Saga a Amurka, sai kuma tarin marasa suna a AliExpress da Amazon. Mafi yawan kit masu sauƙin kuɗi a Sin ake yanka su, bambancin yana ga wanda ya duba kafin a rufe kwali da wanda zai amsa maka idan an sami matsala. Daga Gombe mayar da kaya zuwa wata nahiya magana ce kawai, kuɗin aikawa zai iya cinye kuɗin kayan, don haka binciken kafin biya ne. Ka nemi a tabbatar maka cewa an gwada wannan wuyan a cikin wannan jikin, kuma cikin bayanan waɗanda suka riga ka saye ka nemi abin da suka ce a kan gurbin wuya da firet, ka tsallake yabon saurin isowa. Ka kuma yi lissafin dako da kyau, domin kamfanonin jigila ta sama suna cajin girman kwali idan ya fi nauyinsa: tsawo sau faɗi sau kauri a santimita, a raba da 5000. Kwali mai 100 da 45 da 10, alal misali, kilo 9 za a lissafa shi ko da bai kai haka a sikeli ba. Ka ɗora kuɗin kwastan, da na motar da za ta kawo shi daga Legas ko Abuja, da canjin dala na ranar.

A nan dole in gaya maka abin da masu sayar da kit ba za su faɗa ba. Idan ka tara wannan duka, ka ƙara fenti da samfefa da kayan aiki da sabuwar tsirkiya, mai yiwuwa ne jimillar ta wuce kuɗin haɗaɗɗiyar bes mai sauƙi a kasuwar Alaba ta Legas ko a shagunan Jos. Idan rage kuɗi ne manufarka, ka sayi haɗaɗɗiya, ko ta hannu mai lafiyayyen wuya ka kwance ta ka sake gina ta, wadda ma tana da fifikon cewa katakonta ya riga ya sha hunturu da damina a ƙasar nan. Idan kuwa so kake ka san cikin kayan kiɗanka har ka iya gyara na ƙungiyarku, to kit makaranta ce da ta cancanci kuɗinta.

Ranar da kwali ya iso kada ka taɓa fenti. Ka buɗe, ka ƙirga sukuru da ƙarafa, ka ɗaga wuyan zuwa ido ka hango shi daga kai zuwa gindi don ganin ko ya murɗe, ka juya rodin kaɗan hagu da dama ka tabbatar yana aiki, sannan ka bar katakon a ɗaki mako ɗaya ko biyu, nesa da rana da taga, ya saba da iskarmu. Bayan haka ka haɗa komai a bushe. Wuya ya shiga gurbinsa da ɗan matsi, ba da guduma ba, ba kuma yana rawa ba. Ka ja zare biyu daga tsagogin gefe na nat zuwa jaki, ka ga ko tazarar da suka bari a bakin wuya ta yi daidai hagu da dama, ka auna milimita 432 ɗin nan sau biyu da rula ta ƙarfe. Duk aibun da ka gano yanzu kana da bakin magana da mai sayarwa, bayan fenti kuwa ba wanda zai saurare ka.

Fenti shi ne ya fi komai cin lokaci, kuma a wurinmu sai an zaɓar masa wata. Da hunturu ƙura takan zauna a kan ɗanyen fenti, da tsakiyar damina kuma laima takan sa banish ya yi fari-fari kamar hazo. Tsakanin Oktoba da farkon Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kafin buji ya taso, shi ne lokacin da na fi so. Ga mai farawa na fi ba da shawarar man katako da ake shafawa da tsumma, shafi siriri, a bari ya bushe, a goge da samfefa mai laushi, a sake, bayan an bi katakon da samfefa mai lamba 180 da 220 da 320 a jere. Tsumman da ya sha irin wannan mai kada a dunƙule shi a jefa a kwando, domin yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa, a baje shi a waje ya bushe ko a tsoma shi a ruwa. Idan launi mai sheƙi kake so, ka kai wa mai fentin mota, amma ka rufe gurbin wuya da ramukan sukuru da tef da hannunka, ka roƙe shi kada ya yi kauri, kuma kada ya shanya maka a rana kamar yadda yake yi wa bamba. Wasu kit suna zuwa da wani shafi a jikinsu wanda ke hana launi shiga katako, ɗigon ruwa zai nuna maka, idan ya tsaya bai nutse ba akwai shafin.

Wajen ɗauri, abin da ya fi ɓata wa masu farawa rai shi ne ƙananan sukurun kunnuwa, waɗanda ke karyewa a cikin mapul idan ba a fara huda musu rami ba. Ka huda da siririn baki, ka naɗa masa tef a daidai zurfin da kake so don kada ya ɓulla ta fuska, ka goga wa sukurun sabulu ko kyandir, ka ɗaure da hannu. Akwai wata 'yar waya da ke bi ta ƙarƙashin jaki zuwa bayan makunni, kada ka manta da ita, ita ce ke sa ƙugi ya mutu idan ka taɓa tsirkiya. Ramin wayoyin kuma ka shimfiɗa masa tef ɗin tagulla ko takardar alminiyon, a haɗe da wayar ƙasa. Idan kit ɗin na liƙin dalma ne kuma ba ka taɓa yi ba, mai gyaran rediyo a kasuwa zai gama maka cikin ɗan lokaci idan ka kai masa zanen, ka tsaya kusa ka ga yadda ake yi. Ka kuma sani cewa tunda tsirkiyoyi a haɗe suke da jikin amfilifaya, amfilifaya mai matsala a soket marar wayar ƙasa na iya jan mutum idan ya riƙe jita ya taɓa makirufo, don haka duk ranar da ka ji ɗan tsikari a yatsa ko a leɓe, ka ajiye kiɗa a duba wutar.

Daidaitawar ƙarshe ita ce ke raba jitar da ake kaɗawa da wadda ake ratayewa, kuma tana da jeri da ba a tsallakewa. Ka cire tsirkiyoyin da suka zo a kwalin ka sa masu kyau tukuna. Sai rodi: ka danne E a firet na farko da na ƙarshe, tazarar da ke ƙarƙashinta a firet na 8 ta zama wajen milimita 0.3, wadda za ka auna da fila gejin da makanikai ke auna bawul da shi. Juyi kwata ɗaya a lokaci guda, a sake ɗaure murya, a jira, kuma idan rodin ya cije kada a tilasta masa. Sai tsayin tsirkiya a jaki, inda awon da Fender ke bayarwa a firet na 17 shi ne kusan milimita 2.4 a gefen E da milimita 2 a gefen G, mai dukan tsirkiya da ƙarfi ya ɗan ƙara. Sai zurfin nat, sai nisan fikof daga tsirkiya, wajen milimita 3 idan an danne firet na ƙarshe. Daga ƙarshe sai daidaita murya da manhajar waya mai auna muryar tsirkiya: idan muryar firet na 12 ta yi sama fiye da yadda ya kamata, ka ja sirdin jaki, wato ɗan ƙarfen da tsirkiyar ke zaune a kai, baya, idan ta gaza ka turo shi gaba. Ka rubuta waɗannan lambobin a takarda ka ajiye a jakar jitar tare da alankin, domin za ka sake auna su idan hunturu ya shigo, da kuma idan damina ta kankama.